Amsa Daga Zangon Kumasi Zuwa Jega

Ƙanena, ka tambaye ni dalilin da ya sa Hausawan Zangon Kumasi a ƙasar Gana suke ba da kaya bashi ba tare da rubutu ba, alhali suna tsoron zuba dukiyarsu a wuri guda, sannan ka ƙara da neman sanin abin da ke sa wata ƙasa ta bunƙasa, wata ta tsaya cik. A ganina tambayoyin nan uwarsu ɗaya.

Tun zamanin da ayarin fatake ke bi ta Jega zuwa Salaga a ƙasar Gwanja neman goro, baƙo a hannun mai gida yake sauka, shi ne zai adana masa kaya, ya nemo dillali, ya kuma tsaya masa idan wani ya ɗauki huhun goro bai biya ba. Har yau a kan wannan muke, kuma wanda ya ci amana da hantsi, kafin la'asar labarinsa ya gama zango.

Tsoron kuwa ya samo asali ne a 1969, lokacin da gwamnatin Firaminista Busiya ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Gana. Mahaifinmu ya sha ba ni labarin maƙwabcinsa da ya rabu da gida mai ɗaki takwas a kan kuɗin mota. Kada ka yi saurin zargi, domin Najeriya ma ta kori mutanen Gana a 1983.

Masanin tattalin arziki Robert Solow ya nuna a 1956 cewa tara jari kaɗai ba ya ɗorar da bunƙasa, kamar dai taki a fadamar shinkafa, inda buhun farko ke ƙara amfani sosai, na goma kuwa ƙarinsa kaɗan ne. Abin da ke ɗorewa shi ne sabon ilimi da ingantacciyar dabarar aiki. Douglass North, shi ma masanin tattalin arziki, wanda ya sami lambar Nobel a 1993, ya jaddada cewa mutane ba sa kashe kuɗi a kan abin da sai an jima zai haifu, sai sun tabbata doka za ta bar musu shi. Amanarmu tana aiki tsakanin waɗanda suka san juna, amma ba ta iya kare mu daga hukuma ba.

Shi ya sa dattawanmu ke gina gida a Kumasi, su gina wani a Jega ko Birnin Kebbi wanda sai jemagu ke kwana a ciki, kuma ni ina ganin wannan jari ne da aka binne, wanda da hankali a kwance yake da ya zama injin casar shinkafa. Abin da ya rage suna biya wa yara kuɗin makaranta da shi, tun da a 1969 ba a ƙwace wa kowa karatunsa a bakin iyaka ba.