Yabon Ƙoƙari Kaɗai Ba Ya Gyara Lissafin Yaro

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar lissafi ce a ƙaramar sakandare. A wani taron ƙara wa juna sani an shawarce mu da mu daina ce wa yara suna da ƙwaƙwalwa, mu riƙa yaba ƙoƙarinsu, domin su yarda cewa basira aba ce mai ƙaruwa. Tun farkon zango nake bin wannan shawara, amma akwai wata yarinya da kullum nake ce mata ta yi ƙoƙari, makinta kuwa bai motsa ba, har ta fara sunkuyar da kai idan na faɗa mata hakan. Shin maganar tana da tushe, ko wani sabon yayi ne kawai?

Daga wata malamar makaranta

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Maganar tana da tushe, sai dai rabinta aka ba ku a wajen taron. Asalinta binciken Carol Dweck ne, masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Stanford ta Amurka, wadda ta lura cewa wasu mutane suna ɗaukar basira a matsayin rabon da aka haife su da shi, wasu kuma suna ganin tana ƙaruwa da koyo, kuma bambancin ba ya fitowa fili sai ranar da aiki ya gagara. A shekarar 1998 ita da Claudia Mueller sun ba yara 'yan aji biyar na firamare wasu tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa. Aka ce wa wasu lallai suna da basira, aka ce wa wasu lallai sun dage. Daga nan aka ba su masu tsauri da gangan domin su faɗi, sannan aka mayar da su kan irin na farko. Waɗanda aka yabi basirarsu sai suka yi ƙasa da abin da suka yi da fari, waɗanda aka yabi dagewarsu kuwa suka ƙara gaba. Kusan kashi 40 cikin ɗari na rukunin farko ma sun ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su faɗa wa wasu yara abin da suka ci, domin wanda ya ɗauka darajarsa tana rataye da sunan mai basira, ɓoye faɗuwa ya fi masa sauƙi a kan gyara ta.

Abin da ba a faɗa muku ba shi ne, a shekarar 2015 Dweck da kanta ta rubuta gargaɗi cewa malamai da iyaye da yawa sun mayar da yabon ƙoƙari abin lallashin yaron da bai koyi komai ba. A ganina abin da ya sami yarinyar nan ke nan. Yara ba su da wauta. Idan ta ga ana ce mata ta yi ƙoƙari alhali jan biro ya cika takardarta, abin da take ji shi ne malama ta ga iyakarta, ba ta kuma sa ran wani abu daga gare ta. Sunkuyar da kan da take yi amsa ce ga wannan saƙon.

Saboda haka ki ajiye yabon na ɗan lokaci, ki zauna kusa da ita da littafinta a buɗe. A ce an ba ta rabi a tara da sulusi ta rubuta 2/5. Wannan amsa tana da hanyar da aka bi aka same ta: ta haɗa lambobin sama, ta haɗa na ƙasa, kuma za ta ci gaba da yin haka ko da ta kwana tana aikin gida, domin ƙarin ƙoƙari a kan gurguwar dabara ƙara mata zama yake yi a kai. Ki ce ta nuna miki yadda ta yi. Ki ja layi biyu masu tsawo ɗaya, ta raba ɗaya gida biyu ta cike gida ɗaya, ta raba ɗayan gida biyar ta cike gida biyu, sannan ki tambaye ta wanne ya fi. Da idonta za ta ga 2/5 bai kai rabi ba, kuma ba ya yiwuwa a ƙara wa rabi wani abu ya ragu. Idan ta lalubo 5/6 bayan ta raba layin gida shida, a nan yabo yake da wurin zama, kuma ki ambaci abin da ta yi da sunansa, wato ta gwada amsarta da zane, ta gane ba ta yi daidai ba, ta sake hanya.

Ya kamata kuma ki san girman abin, don kada ki ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. A shekarar 2019 mujallar Nature ta wallafa binciken David Yeager da abokan aikinsa a kan ɗalibai fiye da 12,000 a makarantun gwamnati 65 na Amurka, inda wani darasi ta intanet da bai kai awa guda ba, mai koya musu cewa basira tana ƙaruwa da koyo, ya ɗaga makin masu rauni da kimanin 0.1 a ma'aunin maki da ke tsayawa a kimanin 4. Ci gaba ne, musamman ga abin da ba ya cin kuɗi sosai, amma kaɗan ne. A wannan shekarar kuma wani gwaji na koyar da wannan tunani a makarantun firamare kimanin 100 na Ingila bai ga wani ƙarin ci gaba a karatu ko lissafi ba. Abin da ya fi shafar ki shi ne abin da Yeager ya gano daga baya, cewa darasin ya yi tasiri a lissafi ne a azuzuwan da malaman da kansu suka yarda ɗalibai za su iya canjawa. Yara suna karanta wannan daga wanda kike kira ya fito allo, da tsawon jiran da kike yi kafin ki karɓe tambaya daga mai jinkiri ki miƙa wa mai sauri.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Shekaruna sun haura 45, kuma an kawo sabuwar manhajar kwamfuta a wurin aikinmu. Matasa sun iya ta cikin 'yan kwanaki, ni kuwa har yanzu ina fama. Ina ganin ƙwaƙwalwata ta wuce koyon sabon abu. Ko in nemi a sauya mini sashe?

Daga wani ma'aikaci

AMSA: Ɗan uwa, kada ka yi gaggawar neman canji. Gaskiya ne saurin haddace sabon abu yana raguwa da shekaru, ba zan ɓoye maka wannan ba, amma ƙwaƙwalwar babba ba ta daina sauyawa da koyo. Eleanor Maguire da abokiyar aikinta sun bi manya masu koyon tuƙin tasi a birnin Landan, inda ake shafe shekaru uku zuwa huɗu ana haddace tituna kimanin 25,000, kuma a sakamakon da suka fitar a 2011 hoton ƙwaƙwalwa ya nuna sashen da ke riƙe hanya da wurare ya ƙaru a wajen waɗanda suka ci jarrabawar, bai ƙaru ba a wajen waɗanda ba su kai ga ci ba.

Zatona shi ne kunyar tambayar na ƙasa da kai ta fi shekaru yi maka ɓarna, domin matasan nan suna danna abu su yi kuskure su yi dariya, kai kuwa kana jiran a watse kafin ka gwada. Ka ware ayyuka biyu ko uku da kake yi kullum a manhajar, ka roƙi ɗaya daga cikinsu ya zauna kusa da kai, amma hannunka ne zai kasance a kan madannai, shi nasa baki ne kawai. Ka rubuta matakan da kalmominka, washegari ka yi ba tare da duba takardar ba, sai inda ka maƙale. Idan ka yi wata guda a haka, ka auna kanka da yawan wuraren da kake tsayawa a makon farko da na ƙarshe, sannan ka yanke shawara a kan batun sauya sashen.