Tambaya da Amsa: Ko hodar anti-sitires za ta iya tare zazzaɓin aladu na Afirka?

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, akwai wata gonar aladu da nake dubawa, cikin kwana huɗu sun fara faɗuwa, zazzaɓi mai zafi, kunnuwa da ciki sun yi ja, ba sa cin abinci. Ina zargin zazzaɓin aladu na Afirka ne. Na karanta wai bairos ɗin, wato ƙwayar cutar, yana wasa ne da sitires ɗin ƙwayoyin halitta, wani kuma ya ce in dage da hodar anti-sitires a ruwan sha da allurar antibayotik za su tashi. Don Allah hakan zai yi? Hankalin mai gonar ya tashi, nawa ma haka.

Amsa: Ɗan'uwa sannu, Allah ya kawo sauƙi. Amma ba zai yi ba, kuma wanda ya ba ka shawarar nan ya haɗa abu biyu da suna kaɗai ya haɗa su.

Abin da ka karanta gaskiya ne. Bairos ɗin nan ya fi shiga makurofaj, wato wasu ƙwayoyin halitta na garkuwar jiki, yana shiga kuwa sai ya mai da ƙwayar masaƙarsa, ta yi ta ƙera masa furotin ba hutu. Ƙwaya kuma ba wawiya ba ce, in furotin ya taru a ER, wato sashen ƙwaya da ake naɗe furotin, bai naɗu daidai ba, wani furotin mai gadi da ake kira PERK na farkawa ta liƙa wa eIF2α, mai kunna ƙera furotin, wani sinadari wai shi fosfet, shi ke nan ƙera furotin ya ja baya sosai. In matsin, wato sitires ɗin, ya ƙi sauka sai wani furotin, ATF4, ya tada wani mai suna CHOP, ƙwayar ta kashe kanta don kar baƙon ya samu inda zai hayayyafa. Kaga wannan sitires ɗin ai makami ne a hannun jiki.

To shi kuma bairos ɗin babba ne, DNA gare shi, jin ɗinsa, wato ƙwayoyin gadonsa, sun haura 150, kuma da yawansu aikinsu kawai toshe irin waɗannan ƙofofi ne. Akwai furotin ɗinsa DP71L da ke janyo PP1, wani furotin na ita ƙwayar da kanta, ya zo ya cire fosfet ɗin nan, injin ya ci gaba da aiki, CHOP bai tashi ba. Akwai A179L da A224L masu jinkirta mutuwar ƙwayar har sai ya gama abin da ya kawo shi. Abin da ya fi ba ni mamaki ma, an cire wa bairos ɗin DP71L a lab amma bai fasa hana eIF2α ɗaukar fosfet ba, wato yana da wata hanyar a ajiye.

Yanzu don Allah ka faɗa min, a ina bitamin da gulukos da gishirin da ke cikin hodar nan za su shiga wannan rigimar? Kullum sai na ji maganar nan, kullum, har ta fara gundurata. Mutum ya tsinci kalmar sitires a intanet, ya waiga ya ga an rubuta anti-sitires a jikin leda, shi ke nan ya zama likita. Hodar nan an yi ta ne don dabbar da ta sha zafi ko doguwar tafiya a mota ko aka yaye ta, a nan tana da ranarta, ni ma ina bayarwa. Amma ba ta san PERK ba, PERK bai san ta ba. Kuma ko da a ce tana kwantar da sitires ɗin ƙwaya da gaske, ai bairos ɗin ka taya aiki, tunda shi ma abin da yake ta fama ya yi ke nan. Antibayotik kuwa kai ma ka sani bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da bairos.

Ba asarar kuɗin hodar ce ke damuna ba, kwanakin da take ci ne. Ana zuba hoda ana jira, mai allura yana yawo daga wannan keji zuwa wancan da sirinji ɗaya da takalmi ɗaya, gobe ya wuce wata gonar, in mai gona ya ga abin ya ƙi sai ya yi maza ya sayar da ragowar kafin su mutu. Haka cutar ke tafiya. Tana daɗewa watanni a daskararren nama, nau'inta mai zafi kuma kusan duk wanda ya kama sai ya mutu. Daga ƙasar Jojiya a 2007 ta ratsa har ta isa Sin a 2018, kuma galibi mutane ne suka riƙa ɗaukarta da nama da motoci da ragowar abinci.

Ba ta kama mutum, wannan ka kwantar wa mai gonar da hankali. Amma yau ɗin nan a rufe gonar, ba shiga ba fita, alade ko nama ko kayan aiki. Ka sanar da hukumar lafiyar dabbobi, a ɗebi jini ko saifa a kai lab a yi PCR, gwajin da ke gano DNA ɗin bairos ɗin, don akwai wasu cututtukan aladu masu kama da ita sosai, ido ba ya rabewa. Waɗanda suka mutu a binne su da zurfi ko a ƙone. Kai ma kar ka taka wata gonar da kayan da ke jikinka.