Kar ka gyara takardar daga abin da ka tuna, bi ta a kan sabuwar na'ura

Ɗan'uwa wallahi ina karanta tambayarka raina ya sosu. Ka ce ka bi takardar saita na'urar Jenkins ɗinku (manhajar da ke haɗa lambar aiki ta kuma gwada ta da kanta) layi bayan layi amma gwaji ya ƙi gudu, kana tambaya ko gyara ta za ka yi ko ka sake rubutawa. Ni ma irin gadon da aka bar min ke nan.

Wanda ya riƙe tamu kafin ni, abin da ya yi da hannu ya fi abin da ya rubuta yawa. Ranar da faifan tsohuwar na'urar ya mutu ana jiran mu saki aiki, na zauna har tsakar dare ba abin da nake gani sai jan rubutu, saƙo sai shigowa yake ana ya ake ciki, ya ake ciki. Takardar ta ce a saka Java 8 (Java ita ce manhajar da Jenkins ke gudu a kanta), alhali tun 2022 Jenkins ya koma neman 11, a ƙarshen 2024 kuma ya koma neman 17 zuwa sama. Na kira mutumin da na gada, buɗar bakinsa sai cewa ya yi ai shi a wajensa lafiya lau komai ke tafiya, in karanta da kyau. In karanta me? Ashe da hannu ya jefa asusun jenkins cikin rukunin docker (rukunin masu izinin amfani da Docker, manhajar da ke gudanar da aiki a keɓe), ya ajiye makullin SSH (na shiga wata na'ura daga nesa) a /var/lib/jenkins/.ssh, ko layi ɗaya bai rubuta a kai ba. Da aka zo taro kuma ni aka zuba wa ido, shi yana zaune bai ce uffan ba, wannan shirun nasa har yau yana ci min rai.

Don Allah kar ka zauna kana gyarawa daga abin da ka tuna. Tayar da sabuwar na'ura fil wadda ba komai a kanta, ka bi takardar, duk inda ta tsaya ka gyara layin nan take kafin ka wuce. Kuma ka gwada da sudo -u jenkins, wato da asusun jenkins, ba da sunanka ba, don PATH ɗinka (jerin wuraren da na'ura ke neman umarni) daban nasa daban, nan ne yawanci ake shan wahala. In ka ƙara asusun jenkins a rukunin docker sai ka sake kunna Jenkins ɗin, in ba haka ba ba zai ɗauka ba.

Af, in takardar tana cewa a jawo aiki daga GitHub (shafin da ake ajiye lambar aiki) da kalmar sirri, goge wannan, tun Agustan 2021 aka daina. Lambar sigar kowane abu ka rubuta ta, kar ka ce "na baya-bayan nan". Takardar ma ka mayar da ita cikin ma'ajiyar aikin a riƙa ganin wanda ya taɓa ta.

In ka gama ka ba wani da bai taɓa saitawa ba ya bi, kai ka kama bakinka kana kallo. Turo layin da ya fara yin ja mu duba tare.