In hujja ta tabbata, me ake nema da bayani kuma?

Ƙanena, ka ce malaminku na lissafi a Maradi ya ƙi karɓar amsarka ko da yake daidai take, sai ka faɗi dalili. Gaskiyarsa.

Ɗauki wannan: 1+3+5+7 ya ba da 16, wato 4 sau 4. Ƙara 9, ka samu 25, wato 5 sau 5. Ana iya tabbatar da haka mataki bayan mataki, kowa ya yarda, amma ba wanda ya ga abin da ya sa. To, jera duwatsun dara a ƙasa: ɗaya, ka kewaye gefensa biyu da uku, sannan biyar, sannan bakwai. Kowane zagaye murabba'i yake fitarwa. Nan dalilin ya fito fili, har yaro zai iya hango zagaye na 100.

Masana kansu haka suke aiki. Yawancin hirarsu a gaban allo zane ne da "me ya sa". A 1976 masana lissafi Appel da Haken sun tabbatar da cewa launi 4 sun isa a shafe kowace taswira ba tare da yankuna maƙwabta sun yi launi ɗaya ba. Kwamfuta ce ta bi dubban lissafin. An karɓa, amma da gunaguni, don ba mutumin da zai iya bin sawunta da hannu.