Damuwar da ke hana barci: raunin imani ce?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne, a unguwar Nima da ke Accra, Ghana, nake zaune. Tun da aka tashe mu daga kasuwar Agbogbloshie zuwa ta Adjen Kotoku a 2021 ciniki bai koma daidai ba, ga haya, ga bashi. Da dare zuciyata ta dinga bugawa ke nan, tunani ya hana ni runtsawa. Wani ya ce raunin imani ne, zuwa asibiti kuma rashin tawakkali. Ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya yaye maka, ya buɗa kasuwa.

Ba ka da laifi, ɗan'uwa, wanda ya gaya maka haka kuwa ya yi magana ba da ilimi ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya, muddin ba su aikata ba, ba su furta ba. Da tsoro da baƙin ciki suna rage imani, da ba su taɓa annabawa ba. Annabi Musa ya fita daga garin Fir'auna a tsorace, Annabi Yakubu kuma ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari. Aya ta 155 a Baƙara ma ta ambaci tsoro da tawayar dukiya cikin jarrabawar muminai.

Hisabi yana kan abin da ka yi da damuwar: yanke ƙauna daga rahamar Allah, huce haushi a kan iyali, zuwa wurin mai duba ya faɗa maka makomar kasuwa, ko buga loto don cike giɓi. Ka kuma kiyayi yawan "da ma ba a tashe mu ba", domin a hadisin Muslim an ce "da ma" tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan.

Neman magani halas ne, Annabi (SAW) da kansa ya yi umarni da shi. Nana A'isha ta kan sa a dama talbina, wani kunu mai laushi, ga maras lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, tana cewa ta ji Annabi ya ce tana kwantar da zuciya. Ashe ana bi ta jiki a yi wa zuciya magani. To ka je asibitin Maamobi, ga shi kusa da kai, a auna jininka, don bugun zuciya ba kullum tunani ke kawo shi ba. In sun tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa, ka je, ba hauka ba ne. Idan kuwa har ka fara tunanin cutar da kanka, zuwan ya zama wajibi a ranar.

Ka rage ataya, wato shayi mai ƙarfi, da goro bayan magariba. Mutanenmu ba sa son jin wannan, amma suna korar barci. Ka lizimci addu'ar da Anas ya ruwaito: "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan." Masu bin ka bashi kuma ka same su ido da ido ka nemi jinkiri, aya ta 280 a Baƙara ta ba wanda ke cikin ƙunci wannan haƙƙi.

Wallahu a'alam.