Laccar Asabar: Me Jami'a Ke Nema Wajen Mutanen Gari?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin fiziks ne a wata sakandare a Zariya. Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Jami'ar Shikago ta Amurka ya ba ni labari cewa masana kimiyya a can suna buɗe zaure ranar Asabar, kowa ya shigo ya saurari lacca kyauta, har da tsofaffi 'yan fansho. Wanda bai yi karatun ba yana tsintar wani abu kuwa? Kuma me jami'ar ke samu?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗalibinka gaskiya ya faɗa maka. Abin da ya gani shi ake kira Laccocin Compton, waɗanda Cibiyar Enrico Fermi ke shiryawa tun 1976. Cibiyar tana ƙarƙashin babban sashen jami'ar da ya haɗa fiziks da kemistiri da ilimin taurari da lissafi da ƙididdiga. Ana yi ne da hantsin Asabar, makonni a jere a kan maudu'i ɗaya, kuma galibi matashin mai bincike ake ɗora wa aikin.

Sunan da aka ba laccar ma darasi ne. Arthur Compton shi ne ya nuna a 1923 cewa idan hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ya bugi ƙwayar lantarki, yakan kauce ya fito da ƙarfinsa a rage, kuma yawan ragin ya danganta da kusurwar da ya kauce. Ka tuna teburin sinuka da samari ke zagayewa a bakin titi: farin ƙwallo ya bugi ja, jan ya tafi da wani kaso na ƙarfin, farin ya karkace yana sanyi. Haske ke nan yana aikatawa kamar ƙwallo, alhali an daɗe ana ɗaukarsa igiyar kaɗawa ce kawai. Wannan ya jawo masa kyautar Nobel a 1927. To ka ga na ba ka labarin ba tare da na rubuta alama ko ɗaya a allo ba, kuma na san ko ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai kama bakin zaren. Bai isa ya warware lissafin ba, amma ya san abin da aka gwada, ya san abin da aka gani, ya san dalilin da ya sa masana suka canza ra'ayi. Wannan shi ne abin da mai sauraro ke komawa gida da shi, kuma ni ban raina shi ba.

Batun abin da jami'a ke samu, ruwa ba ya tsami banza. Yawancin kuɗin binciken fiziks daga harajin jama'a yake fitowa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hukumar NSF da ke raba kuɗin bincike a Amurka ta sa wannan cikin ma'auninta tun 1997: ban da ingancin binciken, sai mai nema ya bayyana amfanin da al'umma za ta samu. Shikago kuma tana da nata dalilin na musamman. A ƙarƙashin benen 'yan kallo na filin wasan jami'ar ne masanin fiziks Enrico Fermi da mutanensa suka tayar da tukunyar nukiliya ta farko a duniya, wato na'urar da ke fasa ƙwayar zarra ta fitar da makamashi, ranar 2 ga Disamba 1942, a tsakiyar birni, a asirce, Compton yana shugabantar aikin. Maƙwabta suna ta harkokinsu ba su san me ake dafawa kusa da su ba. Jami'ar da ke da irin wannan tarihi ta fi kowa cancantar ta riƙa fitowa tana yi wa mutanen gari bayani. Af, kai ma a Zariya kana da maƙwabciya irin ta: ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ke Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. Ka tambayi ɗalibanka gobe mutum nawa suka san da zamanta.

Akwai kuma ribar da ba a cika faɗa ba, wadda mai laccar ke samu. A gaban abokan sana'a mutum yana iya ɓuya a bayan manyan kalmomi. A gaban dattijuwar da ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗana, ta yaya kuka sani?" babu wurin ɓuya. Na sha tsayawa cak a irin wannan tambaya, na koma ofis na gane ashe haddar abin na yi, ban fahimce shi ba.

Amma kada ka ɗauka duk laccar da aka ce ta jama'a ce tana cin sunanta. Na taɓa halartar wata a wata jami'a da ba zan ambata ba. An cinye kusan awa guda ana gaishe da manyan baƙi, mai girma wane, mai martaba wane, sannan mai lacca ya hau ya riƙa karanto takardarsa da Turanci mai kauri, allo cike da alamomi. 'Yan makarantar da aka kwaso a motoci suna baya suna gyangyaɗi, suna jiran lemo da biskit. An yi taro, an ɗauki hotuna, babu wanda ya ƙaru.

Wanda ya san sirrin abin tun farko shi ne Michael Faraday, masanin kimiyya na Ingila, ɗan maƙeri da bai yi zurfi a makaranta ba, ya fara da koyon ɗinkin littattafai. Sauraron laccar jama'a ta masanin kemistiri Humphry Davy a 1812 ce ta buɗe masa ƙofar kimiyya. Daga baya, a cibiyar Royal Institution da ke Landan, inda aka fara laccocin Kirsimeti na yara a 1825, shi da kansa ya gabatar da jeri 19. Mafi shahara a cikinsu a kan kyandir ne kawai. Yakan kunna shi, ya sa bakin siririn bututun gilashi a wurin nan mai duhu da ke tsakiyar harshen wutar, kusa da lagwani. Sai farin tururi ya biyo bututun ya fito ta ɗaya bakin, ya kawo wuta ya kusanta, tururin ya kama. Ashe ba daskararren kakin ke ci ba, ba kuma narkakken ba, tururinsa ne. Sannan ya hure kyandirin a hankali, ya kai wuta jikin hayaƙin da ke tashi, ɗan nesa da lagwanin, sai wutar ta bi hayaƙin ta gangara ta sake kama shi. Ka gwada wannan na biyun yau da daddare, ka rufe taga saboda iska, ka kalli fuskar yaranka. Gani ya kori ji.

Shi ya sa idan kana sha'awar yin irin wannan a makarantarku, ba na jin rashin kayan aiki uzuri ne. Abu ɗaya za ka zaɓa, ka yi shi da Hausa, ka bar mutane su taɓa da hannunsu. Kusufi, alal misali, ya fi komai jan mutanenmu. Waɗanda suka kai shekaru sun tuna safiyar Laraba 29 ga Maris 2006, lokacin da inuwar wata ta ratso Gana da Togo da Benin, ta bi ta arewa maso yammacin Najeriya ta shiga Nijar, gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki. Fitila ɗaya da ƙwallo da lemon tsami a ɗaki mai duhu sun isa su nuna yadda wata ke shiga tsakanin rana da ƙasa. Ka ƙara musu da cewa ba a kallon rana kai tsaye a irin wannan lokaci, ko da baƙin tabarau, domin tana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba. A maimakon haka a dubi ƙasa a gindin darbejiya: hasken da ke ratsowa tsakanin ganye yakan zama ɗaruruwan ƙananan jinjirin wata a kan rairayi.

Ka gayyaci iyaye tare da yaran, ka sa lokacin bayan la'asar, ka taƙaita gaisuwa. Idan kana son baƙon malami, ka rubuta wa shugaban sashen fiziks na jami'ar da ke kusa da ku, ka roƙi a ba ka ɗalibin digiri na uku maimakon farfesa, ka kuma faɗa masa tun da wuri cewa rabin lokacin na tambayoyi ne.