Me ya sa babur ke rawa a kwana?

Malam, ka ce Boxer ɗinka na rawa idan ka shiga kwana da gudu a hanyar Ikorodu. Fara da iskar taya, a auna da safe kafin ta yi zafi. Masu facin Agege sun saba yi da ido, kada ka yarda. Taya mai ƙarancin iska lanƙwashewa take idan babur ya kwanta gefe a kwana.

Sannan ɗaga tayar gaba, juya kan hagu da dama. In yana cijewa a tsakiya ko yana ƙwas-ƙwas, boris ɗin wuya ya mutu. A duba sifok da shokozoba na baya.

Sauran kuma tuƙi ne. Gama birki da rage giya tun kana miƙe, kafin kwanar. Za ka dama? Ɗan tura hannun dama gaba, babur zai kwanta dama da kansa. Riƙe totur daidai, idonka a mafitar kwana. Gudu in ya ninka biyu, riƙon da taya ke buƙata ninki huɗu ne, ga yashi da baƙin man motocin haya na danfo a kwalta. In ka damƙe birkin gaba babur na kwance a kwana, tayar zamewa za ta yi.

Buhun da ka ɗaure can bayan kariya ma yana sa gaba ya yi sako-sako, matso da shi.